Gaiwar da Ban Tono Ba

Tun ranar da na fara shiga ajin Malam a kwalejinmu ta Gashuwa na sa wa littafinsa ido. Ba wai babu irinsa a kasuwa ba ne. Tsohon ƙagaggen labari ne da duk mai karatun adabin Hausa sai ya bi ta kansa, kowannenmu kuma yana da nasa. Amma na Malam daban yake. Bango ya rabu da shi tun tuni, an ɗinke gindinsa da zaren buhu, kuma babu shafin da bai cika gefensa da rubutu ba, wani da jan biro, wani da shuɗi, wani da fensir har ya kusa gogewa. Duk abin da ya gano a labarin tun yana saurayi yana nan a gefen shafukan. In ya buɗe shi a aji, ni ba fuskarsa nake kallo ba, hannunsa nake kallo.

Malam mutumin Kumagannam ne, dogo, siriri, ba ya ɗaga murya. A shekararmu ta ƙarshe ya gaya mana zai ajiye aiki ya koma gida wajen dabbobinsa, kuma ba zai tafi da littafin ba. Ya ce kowa zai fito gaban aji ya yi sharhi a kan labarin, wanda ya fi gamsar da shi, shi zai bar wa. Rabin ajin suka juyo suka dube ni. Ni ma, in faɗi gaskiya, da zan iya da na juya na dubi kaina.

Ina da dalilina. Kakana daga Kano fatauci ya kawo shi Nguru, a gidanmu kuwa Hausa ce tun daga zaure har madafa. Yawancin 'yan ajinmu da wani harshen suka tashi, wasu na Bade, wasu Barbarci, wasu Fulatanci, Hausa a kasuwa da makaranta suka tsince ta. Ni na ɗauke ta gadon gidanmu, kamar shagon babana. Na haddace duk abin da ake tambaya: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, taurari manya da ƙanana. In Malam ya ce a kawo misali uku na siffantawa, sai in kawo bakwai, in zauna ina gyara hula.

Ɗaki ɗaya muka kama haya ni da wani ɗan ajinmu, ɗan ƙauyen Dagona. Mahaifinsa masunci ne, yana kuma noman shinkafa a fadama. Ya ɗan girme ni. Karatunsa a hankali yake, yana bin layi da ɗan yatsa, leɓensa na motsi, shafin da zan gama kafin shayi ya huce shi sai ya kai shi la'asar. Hausarsa kuwa kullum ina cikin gyara ta, har ya daina kirana da sunana, sai Bakano. Ni kuma ina ce masa Sarkin Ruwa. Duk ƙarshen wata mahaifiyarsa na aiko masa da bandar kifi a kwali, na kuma fi shi ci. Ina son sa ƙwarai. Sai daga baya na gane cewa son wanda kake gani a ƙasanka ba shi da wuya.

Labarin da ke cikin littafin, wani dattijo ne yake ba da shi da bakinsa. Yana faɗin yadda ya tashi a wani gari na bakin kogi, ya yi fatauci, ya yi arziki, ya tsiyace, ya sake farfaɗowa. A farkon littafin akwai babin da kowa ke tunawa: ranar da kogi ya cinye ƙanensa suna samari. Dattijon ya ce ruwa ya cika ya batse, igiyar ruwa ta fizge yaron, shi kuma ya faɗa ya yi ta kokawa har ƙarfinsa ya ƙare, bai iya ceto shi ba. Marubucin ya zuba gwaninta a wurin, har akwai 'yan matan ajinmu da suka yi hawaye. Takardar da aka raba mana ta ce jigon littafin haƙuri ne da yarda da ƙaddara. Haka na haddace, haka kuma na yi niyyar faɗa, sai dai da Hausar da za ta sa a yi shiru.

Saura mako biyu a fara sharhin, wata ranar Alhamis bayan la'asar, muna zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, kowa da littafinsa. Sai na ji ɗan Dagona ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

Ya ce, "Bakano, tsohon nan maƙaryaci ne."

Na ce, "Wane tsoho?"

"Mai ba mu labarin mana. Duba nan. Da safen ranar da ƙanensa ya mutu, me ya ce sun yi?"

Na duba. Layi biyu ne kacal, na sha wuce su. Dattijon ya ce da safen nan shi da ƙanensa sun je fadama sun tono gaiwa biyu, suka gasa suka ci, sannan da rana suka nufi kogi.

Na ce, "Sun ci kifi. Sai me? Yunwa ce ta taso maka?"

Ya ce, "Kai dai ka san gaiwa a miya. Gaiwa ba a tonon ta sai ruwa ya janye, taɓo ya bushe ya tsattsage. Lokacin ne take shigewa ƙasa ta kwanta, ta jira damina. Watan da ake tonon gaiwa, kogi ba ya cin mutum. Akuya ma da ƙafa take tsallake shi. To ina ya samo ruwan da ya cika ya batse da rana?"

Na ce, "Marubucin ne ya yi kuskure. Ɗan birni ne, bai san ruwa ba."

Ya girgiza kai. "Ya san ruwa, wallahi. Na bi shi tun daga farko. Lokacin yankan shinkafa daidai ya faɗa. Lokacin da tsuntsayen nan baƙi ke sauka a fadama, daidai. Har yadda ake ɗaure gora a yi iyo da ita bai kuskure ba. Mutumin da ya san wannan duka ba zai manta da watan gaiwa ba. Da gangan ya sa ta. Ya bar tsohon ya yi ta zuba, shi kuma ya ajiye mana alama a gefe." Ya juya shafi baya. "Ka kuma duba sau nawa tsohon yake cewa babansu ya fi ji da ƙanen. Yana faɗa yana wucewa, kamar ba komai. Ni ban ce ya kashe shi ba. Amma ba yadda ya faɗa aka yi ba. Wannan littafi ba na haƙuri ba ne, Bakano, na hassada ne."

Ya faɗi haka, ya miƙe ya tafi hura gawayi, don ranar girkinsa ce.

Ni kuwa na kasa tashi. Na karanta littafin nan ya fi sau biyar. Na san adadin babinsa, na san inda marubucin ya yi waiwaye, na san inda ya saka labari cikin labari. Amma ban taɓa tambayar kaina ko mai maganar gaskiya yake faɗa ba. A ganina in littafi ya ce an yi, to an yi. Ga mutumin da nake gyara wa Hausa kullum, mai bin layi da yatsa, ya zo ya buɗe littafin kamar yadda yake fede kifi, ya nuna mini abin da ke ciki, ya tafi ya bar ni. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ban yi masa murna ba. Ƙyashi ne ya kama ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai ma san girman abin da ya faɗa ba. Yana can yana fifita wuta da murfin tukunya yana 'yar waƙarsa da harshensu.

Da muka zauna cin abinci na tambaye shi, kamar ban damu ba, ko wannan zai faɗa a aji. Ya ce i, in ya samu yadda zai jera maganar, don shi in ya tsaya gaban mutane harshensa sarƙewa yake. An riga an liƙa jerin sunaye. Ni ranar Talata, shi Laraba.

Ƙarshen makon na tafi gida Nguru, na ce masa mahaifiyata ce ke nemana. Ƙarya ce. So nake in yi rubutu inda ba zai leƙo ba. A mota tun daga Gashuwa nake lallashin kaina. Na ce ai a bakinsa maganar lalacewa za ta yi, zai yi ta in'ina har a kasa gane ta. Na ce ai ni na yi masa gardama, gardamar ce ta fito da sauran, don haka da rabona a ciki. Na ce ai littafin na kowa ne, gaiwar tana nan a shafi, ko bai nuna mini ba wata rana zan gani. Kafin mu shiga Nguru na gama wanke kaina tas.

Kwana biyu na yi a ɗakin zaure ina rubutu. Na yi wa maganarsa ado irin wanda bai taɓa mafarki ba. Na raba marubuci da mai ba da labari, na nuna yadda ɗaya ke magana ɗaya na ƙyafta wa mai karatu ido. Na kawo duk wuraren da dattijon ya ambaci son da uba ke yi wa ƙanen. Ranar Asabar babana ya aike ni kasuwa, na bi ta layin 'yan kifi, inda ake jibge banda kwali-kwali ana lodi zuwa kudu. Har na ga gaiwa a gaban wani tsoho, na ɗan tsaya. Zuciyata ta ce in tambaye shi yadda ake tonon ta. Sai girman kai ya ce, ɗan gidan wane, mai karatun adabi, ya durƙusa gaban mai kifi yana neman ilimin littafi? Na wuce.

Ranar Talata na sa farar shadda. Na fara a hankali, na bi jigon da kowa ya sani, sannan na tsaya na ce, "Amma fa, jama'a, wa ya gaya mana haka?" Na karanto layi biyun nan na gaiwa. Na faɗi watan da ake tonon ta. Na ji ajin ya yi tsit, irin shirun da na daɗe ina nema. Malam ya cire tabarau ya mayar, ya jawo littafinsa ya buɗe shafin, ya daɗe yana kallo. Sau ɗaya na dubi inda ɗan Dagona yake zaune. Bai ɗaure fuska ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Kallona kawai yake, hannunsa a kan takardar da ya kwana uku yana rubutawa. Ban sake duban wajen ba.

Da na gama aka tafa. Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Ya ce, "Ɗan Nguru, ka nuna mini abin da ban taɓa gani ba. Ni mutumin tudu ne, a garinmu sai rairayi da raƙuma. Ka ƙara mini ilimi. In fadama ta bushe, ƙasa duk iri ɗaya ce. Yaya mai tono yake gane inda gaiwar take kwance?"

Har yau ban sani ba ko tambayar neman sani ce ko tarko. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ai Malam, ƙugiya ake sa wa tana, a jefa mata."

'Yan Bade da ke layin baya suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "A kan busasshiyar ƙasa?" Wata ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Na san ta ƙare. Kalma ɗaya ɗan Dagona zai faɗa, kowa ya san inda na samo kayan.

Sai ga shi ya miƙe. Ya ce, "Malam, a gafarce ni. Ya san amsar, ruɗewa ya yi. A ɗaki mun yi maganar da shi. Gaiwa in ta shige taɓo tana barin ɗan rami ƙarami a sama, ta nan take shan iska. Shi ake nema. In an gan shi sai a sa fartanya a hankali, a fito da ita cikin ƙullin taɓonta, kada a sare ta." Ya yi maganar harshensa na sarƙewa kamar yadda ya ce, ya koma ya zauna.

Malam ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "To, madalla."

Da ɗan Dagona ya tona mini asiri, da na samu abin riƙewa. Da na yi fushi, na ce ƙarya yake, mu yi kaca-kaca, in tsane shi hankalina kwance. Sai ya rufa mini asiri a gaban mutane, da ƙaryar da ta fi tawa kyau. Ya fi ni karatu, ya kuma zo ya fi ni hali, duk a mako biyu. Na fita ajin nan ina jin haushinsa fiye da yadda na shiga.

Washegari ya fito ya yi nasa sharhin. Na riga na cinye masa abinci, sai ya karanto abin da ke cikin takardar da aka raba mana: haƙuri, ƙaddara, taurari manya da ƙanana. Yana yi yana tuntuɓe. Ba wanda ya tafa sosai. A ɗaki bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Ya ci gaba da zuba mini kifi a kwano kamar da, ni kuma na daina gyara masa Hausa.

Ranar ƙarshe Malam ya kira ni ofis ya miƙo mini littafin a cikin leda. Ya ce, "Riƙe shi da kyau, ɗana. Kada ka buɗe sai ka isa gida." Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Na samu abin da na shekara uku ina so. Ban iya jira ba, motar Nguru na barin tasha na kwance ledar, na nufi shafin gaiwa kai tsaye. Gefen shafin duk tsohon rubutu ne a kan gwanintar siffanta ambaliya. A can ƙasa kuwa ga sabon rubutu da jan biro, tawadar ko dishewa ba ta yi ba: "Wanda ya ga gaiwar nan ba ya bukatar littafina. Kai ne kake bukatarsa."

Na rufe littafin na ɗora a cinya. Matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata warin fetur ne.

Na zama malamin adabi a Nguru, kuma duk shekara sai na koyar da littafin nan. Shekarun farko in na zo shafin gaiwa sai in faɗe shi kamar ni na gano, yara su yi ta mamaki, ni kuma in koma gida raina a jagule. Daga baya na fara cewa wani abokina ne ya nuna mini. Ko wannan ɗin a gaggauce nake faɗa, kamar mai haɗiye magani.

Shi kuwa ɗan Dagona an tura shi wata firamare a Katuzu, yana koyarwa da safe, da yamma yana fadama. Muna gaisawa ta waya lokacin Sallah. Bara waccan, bayan labarin rasuwar Malam ya iso mu, na ga ba zan iya ci gaba da ajiye littafin ba. Na sa shi a jaka na shiga mota zuwa Gashuwa, daga nan na hau babur. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran komar kamun kifi, furfura ta fara fito masa a gemu.

Ya ce, "A'a, Bakano! Yau kai ne a ƙauye? Ko an daina sayar da kifi a Nguru?"

Bayan mun gaisa mun yi wa Malam addu'a, na fito da littafin na buɗe masa shafin. Na ce, "Karanta. Naka ne tun farko. Na zalunce ka, Sarkin Ruwa, ka yafe mini."

Ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya bi jan rubutun da yatsa, leɓensa na motsi. Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam. Ni na yafe tun a ajin. Da ni na faɗa ma da ba ta yi kyau haka ba." Ya ce littafin ya zauna a wajena, tunda ni ke koyar da shi, shi a nan gara ce za ta cinye. Har na fara tunanin ƙyashin nan ya mutu, shekaru sun kashe shi.

Amma bai miƙo mini littafin nan take ba. Ya ci gaba da juya shafuka, yana tsallake rubutun Malam, yana duba labarin kansa. Rabonsa da shi tun muna makaranta. Aka kawo mana fura, bai sha ba. Can ya yi 'yar dariyar nan ta hanci, wadda na sani.

Ya ce, "Bakano, ka lura tun daga ranar gaiwar nan tsohon bai ƙara cin kifi ba? Ga shi nan a gidan surukansa an kawo, ya ce ya ƙoshi. Ga shi a jirgin fatake, ya ce zazzaɓi yake ji. Ga nan kuma ya tashi ya bar wajen gaba ɗaya. Ɗan bakin kogi guda! Bai taɓa gaya mana dalili ba." Ya rufe littafin ya miƙo mini. "Amma ai ka san wannan, kai da kake koyar da shi kullum."

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

A motar komawa Nguru na buɗe littafin a cinya na bi shi babi-babi, ina addu'a a raina Allah ya sa ya yi kuskure, ko sau ɗaya ne in ga tsohon ya kai kifi baki. Har muka shiga gari ban samu ba. Malam ma bai rubuta komai a gefen wuraren ba. Da na isa gida na ɗauko jan biro, na buɗe shafin gidan surukai, na daɗe ina riƙe da shi. Sannan na rubuta abin da ya faɗa, na sa a ƙasa cewa ɗan Dagona ne ya gani. Hannuna bai so ba.